Wutar ABS da Jar Wutar Birki: Wacce Ke Hana Tafiya?

Malam, ka ce tun da aka canza maka boris ɗin tayar gaba a Corolla ɗinka wutar ABS ta kama ta ƙi mutuwa, kana tambaya ko za ka iya zuwa Kaduna a haka. Fara duba launin wutar tukuna, don fitilu biyu ne mutane ke haɗawa.

Ta ABS ruwan ɗorawa ce. In ka tayar da mota takan kama na ɗan lokaci ta mutu, motar ce ke gwada kanta. In ta zauna daram, birkinka na nan, ka taka mota za ta tsaya. Abin da ka rasa shi ne ABS ɗin, wato na'urar da ke kama birki tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don kada taya ta kafe ta riƙa jan ƙasa. A busasshiyar kwalta ba ka jin bambanci. Sai ranar da aka tafka ruwa, ko akuya ta faɗo maka titi ka danna birki da ƙarfi: taya ta kafe, sitiyari ya daina jin magana.

Ja kuwa, mai alamar motsin rai a cikin da'ira, maganar birkin kansa take yi. Ko birkin hannu bai sauka duka ba, ko man birki ya yi ƙasa. Buɗe bonet ka duba robar man, akwai layin sama da na ƙasa. Man birki ba ya ƙarewa kamar fetur. In ya sauka, ko dai birek fad ya cinye, ko yana yoyo a wani wuri. Shi ya sa ba na son ɗabi'ar nan ta a cika roba a wuce. Leƙa bayan kowace taya, in ka ga damshin mai, ko ka taka birki ƙafarka ta yi ta nutsewa, ajiye motar nan inda take. In ma za ka ƙara, duba murfin robar, DOT 3 ko DOT 4 za ka gani a rubuce, nau'in man ke nan. Kada a zuba maka DOT 5, ba ya haɗuwa da su.

In duka biyun suka kama tare, wannan ya fi muni. A Toyota yakan nuna rabon birki tsakanin gaba da baya ya samu matsala, tayoyin baya na iya kafewa mota ta juya da kai.

Motarka kuma, ina zargin wurin da aka taɓa. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga juyawarta, wayarta siririya ce, wajen buga boris da guduma ake tsinke ta, ko a manta ba a mayar da soket ba. Wasu boris ɗin ma maganaɗisu ke gare su a gefe ɗaya, in an juya su baibai sensa ba ta ganin komai. Je wurin rewaya ya sa mata kwamfuta, amma mai karanta ABS, don ƙananan nan masu arha yawanci inji kawai suke gani. A lambobin da kwamfutar ke nunawa, C0200 tayar gaba ta dama ce, C0205 ta hagu, C1241 kuwa wutar batir ce ta yi ƙasa.

Akwai bakaniken da zai ce bari ya cire ƙwan fitilar ka huta. Kada ka yarda.

In ruwan ɗorawa ce kaɗai, mai na kan layi, birki na da tauri, za ka iya zuwa Kaduna. Ka rage gudu, ka ba motar gabanka tazara, musamman in hadari ya haɗo.