Kwas ɗin gigin tsufa da na yi a waya, da abin da ya canza a ɗakin Kaka

Tun da na ce na gama kwas ɗin nan mutane ke ta tambayata, wai da gaske kyauta ne ko irin waɗanda sai ka yi nisa a ce ka kawo dala ne. To ga bayanin gaba ɗaya. Sunan kwas ɗin Understanding Dementia, wato fahimtar ciwon mantuwa da mu muke ce wa gigin tsufa, kuma cibiyar Wicking ta Jami'ar Tasmaniya da ke ƙasar Ostireliya ce ke bayar da shi ta intanet tun 2013. Ni dai ban biya ko kwabo ba in ban da kuɗin data, ba su tambaye ni digiri ba, ba su tambaye ni ko ni ma'aikaciyar lafiya ce ba, imel kawai na saka na yi rajista.

Abin da ya kai ni shi ne Kaka, mahaifiyar babanmu. Ta haura tamanin. Tun ina ƙarama ba ta kirana da sunana sai kishiya, in na shiga ɗakinta ta ce "ga kishiyata ta zo ƙwace min miji", in ce mata ai na riga na ƙwace, ta kai min duka da mafici tana dariya. Shekara biyu da suka wuce abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Ta ajiye kuɗi a cikin kwallarta ta manta, sai ta ce matar kawunmu ce ta ɗauka, har baiwar Allah ta yi kuka ta ce ita yaji za ta yi. Ta yi sallar la'asar, ta shafa addu'a, bayan minti goma ta ce a ba ta buta ba ta yi salla ba. Da magariba ta gabato kuwa sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta nufi zaure wai za ta tafi gida, Malam mijinta na jiran tuwo, alhali Malam ya fi shekara goma sha biyar da rasuwa kuma gidan da take ciki shi ne gidanta. Mu kuma kullum muna gyara mata magana, muna ce mata Kaka ai Malam ya rasu, sai ta zauna ta fashe da kuka kamar yanzu aka kawo mata labarin. Ranar da na shiga ta dube ni ta ce "'yar waye wannan" ban iya cin abinci ba.

A gida kowa da fassararsa. Wasu sun ce rigimar tsufa ce kawai, wasu sun ce iska ce a nemo mai ruƙiyya, wata maƙwabciya ma har ta fara wata magana da ba zan maimaita ba, amma duk wanda ya tashi a unguwa ya san abin da ake jingina wa tsohuwar da ta fara surutai ita kaɗai tana fita da daddare. Kuma ba a nan kaɗai ba, a arewacin Ghana har sansani ake da shi a Gambaga inda matan da aka kora da zargin maita suke fakewa, da yawansu tsofaffi ne.

Wata ƙungiyar ɗalibai ce a makarantarmu ta nuna min hanya. Ba su da yawa, galibi 'yan likitanci ne da 'yan nas da wasu daga sashen nazarin zamantakewa, ba su da ofis, a wani aji suke haɗuwa ranar Asabar in ba lakca. Karo-karo suke yi su sayi batirin na'urar awon jini da tsinken gwajin suga, su shiga unguwanni su auna tsofaffi kyauta, wanda suka ga nasa ya yi sama su ce wa 'ya'yansa a kai shi asibiti. Ƙawata ce ta ja ni, na je ba da wata niyya ba, sai na tarar shugabarsu na bayani a kan cewa tsufa fanni ne guda na ilimi da ake karanta shi har digiri na uku, jerontoloji. Wallahi ban taɓa ji ba sai ranar. Ta ce wani masani ɗan Rasha da ke aiki a Faris, Mecinikof, shi ya raɗa wa fannin suna a 1903, sannan a 1909 wani likita a Niyok mai suna Nasha ya raɗa sunan ɓangaren likitancin tsofaffi. Wadda ta fi burge ni ita ce wata likita 'yar Ingila, Majori Warin, da a 1935 aka damƙa mata ɗaruruwan tsofaffin da aka kwantar aka fid da rai da su, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba ainihin abin da ke damun kowa, ta sa aka riƙa tayar da su ana motsa musu jiki, har wasu suka miƙe suka koma gidajensu. Shugabar ta ce a Amurka ɗaliban wannan fanni har ƙungiya ta ƙasa suke da ita, Sigma Phi Omega, tun 1980, mu kuwa a Najeriya sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi ta farko a asibitin koyarwa na Ibadan, dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa kuma sai 2018 aka sa mata hannu. Bayan an tashi na tsaya na ba ta labarin Kaka, ta ce "'yar'uwa, je ki yi kwas ɗin nan tukuna, sai mu yi magana".

Tsarin kwas ɗin kashi uku ne, ƙwaƙwalwa, sai cututtukan, sai shi mutumin da ke ɗauke da ciwon. An tsara shi a kan mako bakwai, kamar awa uku a mako, amma ni na fi haka daɗewa a kan kowane darasi saboda ina tsayawa ina rubutu. Gajerun bidiyo ne na malamai da likitoci suna hira, da zane-zane, da rubutu kaɗan, sai tambayoyin gwaji a ƙarshen kowane kashi, akwai kuma wurin da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban ke rubuta abin da suke fama da shi a gidajensu. In ka gama su ba ka satifiket.

Kashin farko na ƙwaƙwalwa shi ne ya fi min wuya, sunaye sun yi yawa, sai da na maimaita wasu bidiyon sau uku. Amma a nan na gane abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, wato yadda Kaka za ta lissafo sunayen ƙawayenta na ranar aurenta da waƙar da aka yi mata amma ba ta san ta ci abincin rana ba. Ashe a ciwon Alzaima, wanda shi ne ya fi yawa don shi ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu gigin tsufa, wasu sinadarai ne ke taruwa suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma wurin da suke fara ci shi ne ɓangaren da ke ajiye sabon abu. Tsohon ajiya yana nan, sabon ne ba ya zama. Shi ya sa duk sau nawa za ka gaya mata Malam ya rasu ba zai zauna ba, baƙin cikin ne kawai kake sabunta mata. Likitan Jamus ɗin da ciwon ya ci sunansa tun 1906 ya bayyana shi, mu muna nan muna cewa taurin kai ne.

Kashi na biyu ya nuna cewa ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke share wa hanya, kuma da na ji wannan sai na tuna yawan tsofaffin da 'yan ƙungiya ke aunawa a tarar jininsu ya hau su ba su ma sani ba. Akwai wani nau'in da mutum zai riƙa ganin mutane ko dabbobi a ɗaki alhali babu kowa, ku faɗa min a garinmu me za a ce da wannan in ba aljanu ba. Akwai wanda hali yake fara canzawa kafin mantuwa, dattijo mai kunya ya koma zagi da ashar. Abin da suka yi ta nanatawa shi ne wannan cuta ce, ba dole ba ne duk wanda ya tsufa ya same ta, tsofaffi da yawa har su koma ga Allah hankalinsu garau. Kuma ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu daban take, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani da aka sha, wannan a garzaya asibiti don tana warkewa. Wannan ya yi mana rana lokacin zafin bana, Kaka ta rikice fiye da kullum ba ta gane ko babanmu, Goggo ta ce ciwon ne ya ci gaba, na dage aka kai ta, ashe ciwon fitsari ne, bayan 'yan kwanaki tana shan magani ta dawo yadda take.

Amma kashi na uku ne ya shiga raina. Ba su yi wa kowa ƙarya ba, sun faɗa ƙarara cewa ciwon ƙaruwa yake yi kuma shi ne ajalin mutane da yawa, don haka aikin da ya rage shi ne yadda za a zauna da mutum cikin mutunci. Na fara gwadawa a gida. Da magariba ta yi Kaka ta ɗaure ƙunshinta, maimakon in tare ƙofa sai na ce "Kaka, wane tuwo Malam ya fi so?" Ta tsaya ta dube ni, ta ce na dawa da miyar kuka, amma fa sai an sa man shanu, in babu ba ya ci. Na ce to zo mu zauna ki koya min yadda kike kaɗa kukar, ta zauna a bakin gado tana nuna min da hannu yadda ake barbaɗawa ana burgawa don kada ta yi gudaji, har aka kira salla ta manta da tafiyar. Ba kullum yake aiki ba, akwai ranakun da sai dai in riƙe hannunta mu zaga tsakar gida har ta gaji. Mun kuma sa ana kunna mata fitila tun kafin duhu ya shigo, mun daina sauya mata wurin buta da darduma, kuɗin da take nema kuma muna ajiye 'yan canji a kwallar ko yaushe ta buɗe ta gani. Matar kawunmu da na zaunar da ita na yi mata bayanin cewa ba ƙiyayya ba ce, ƙwaƙwalwar ce ke neman dalilin ɓatan abin sai ta kama na kusa, ta yi shiru can ta ce "da tun farko an gaya min haka".

Sai abin da ya kamata ku sani kafin ku shiga. Da Turanci ne gaba ɗaya, kuma harshen mutanen Ostireliya sai kunne ya saba. Bidiyo na cin data, ni da daddare nake yi lokacin da netwok ya fi sauƙi, in an ɗauke wuta kuma sai haƙuri. Misalansu na ƙasarsu ne, gidajen kula da tsofaffi da ma'aikatan da ake biya, wannan ba laifinsu ba ne don su abin da ke gabansu suka koyar, amma mu da tsohuwa ke ɗaki ɗaya da jikoki biyar kuma suruka ce ke wanka da wanki da goyo a bayanta, dole kai da kanka ka zauna ka juya darasin ya dace da gidanku. Ba za ka ji yadda za a yi da sallar wanda ya manta raka'a ba, wannan wajen malaminmu na Islamiyya na kai, ya kwantar mana da hankali cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ya kuma tuna mana ayar Suratun Nahli da ta ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani.

Duk da haka ni a wajena tara cikin goma ne. Duk ɗalibin nas ko likitanci ko mai tsoho a gida da ke jin Turanci ya yi shi, suna da wani gajere ma a kan rigakafi, Preventing Dementia, shi nake shirin shiga in mun gama jarrabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan ciwo, fiye da rabinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu, kuma nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai sittin ko ya haura. Abin da ke damuna shi ne waɗanda suka fi buƙatar wannan ilimi, iyayenmu mata da surukai da ke tsaye a kan tsofaffin dare da rana, su ne ba za su taɓa buɗe shafin Tasmaniya ba.

Shi ya sa na koma wajen 'yan ƙungiya, yanzu mu shida ne muka gama kwas ɗin, mun fara rubuta abin da muka fahimta da Hausa a shafi biyu kacal, muna so mu riƙa karanta wa mata in mun shiga gidaje awon jini, mu kuma naɗi murya a tura ta WhatsApp don waɗanda ba sa karatu. Asabar ɗin da ta wuce mun ɓata kusan awa guda muna gardama a kan ko mu ci gaba da cewa gigin tsufa ko mu ce ciwon mantuwa, don wasu na ganin in aka ce gigi mutane ba za su ɗauke shi cuta ba. Mun tsaya a kan ciwon mantuwa. Wani likita da ke koyar da su ya yarda zai duba mana rubutun kafin mu fita da shi, Asabar mai zuwa za mu kai masa in Allah ya kai mu.