Wasiƙa daga Agege kan maganin sugan Inna

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da kai da iyali da su Inna. Saƙonka ya iso, cewa in nemo mata ƙwayar nan mai haɗi biyu da maƙwabciyarta ke yabo, tunda an ce magani ya fi kyau a Ikko.

Na zaga, daga kemis ɗin unguwarmu har manyan kantunan Ikeja. Kusan duk mai haɗin da aka nuna min, rabinsa metformin ne, wanda Inna ta saba sha da sunan Glucophage. Aikinsa rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini. Bambancin yana ga abokin tafiyar da aka haɗa masa.

Mafi araha shi ne wanda aka haɗa da glibenclamide, irin su Glucovance, ko da glimepiride. Yana da ƙarfi ƙwarai, don matsa wa jiki yake ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. To nan fa tsorona yake. Akwai wani dattijo mai sayar da albasa kusa da rumfata a kasuwar Mile 12, ya haɗiye nasa da safe, tirela ta iso, sauke kaya ya ɗauke masa hankali bai karya ba. Kafin azahar sai gumi ya jiƙe masa riga, hannu na rawa, yana magana kamar mai maye. Sai da yaransa suka ɗura masa lemon kwalba ya dawo hayyacinsa. Ka san Inna: azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, kuma in tuwo bai yi mata ba sai ta ture kwanon ta kwanta. Wa zai lura da ita cikin dare?

Sai na biyu, Galvus Met da Janumet. Na farkon vildagliptin ne a ciki, ɗayan sitagliptin. Waɗannan sai sukari ya hau suke ƙara fitar insulin, don haka da wuya su kayar da mutum, shi ya sa likitoci suka fi sakin jiki da su ga tsofaffi da masu azumi. Ni shi nake sha yanzu, kuma na ji daɗinsa. Amma kuɗin! Kwali ɗaya ya ninka mai arahar nan sau da yawa, kuma bayan da aka saki Naira a 2023 farashin ya yi ta hauhawa. Akwai na kamfanonin Indiya masu sinadari iri ɗaya, sun fi sauƙi.

Akwai na uku, irin su Synjardy, da ke fitar da sukari ta fitsari. Ana yabonsa ga masu ciwon zuciya ko ƙoda, amma yana jawo yawan fitsari da ƙishi. A zafin watan Afrilu na Katsina ban so mata shi ba, sai in likita ya dage.

Abin da Legas ta fi mu da shi, gaskiya, zaɓi ne da bayani. A babban kanti za ka tarar da mai ilimin haɗa magunguna, ya karɓi takardar likita, ya tambaye ka yaushe ka yi gwajin ƙoda, don metformin bai dace da ƙodar da ta yi rauni sosai ba. Ga sanyin na'ura a kantin, ba kwali a rana ba. Wurin gwajin HbA1c kuwa, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku, ko'ina akwai. Amma ƙwayar ita ce dai wadda ake samu a Kano, yawanci ma ta nan take bi ta haura Arewa. Kuma a nan ma sai ka buɗe ido: ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar a waya.

Wani abu da ba a faɗa wa mutane: in ƙwaya biyu suka zama ɗaya, ba ka iya rage guda ka bar guda. Lambobin da ke jikin kwalin Galvus Met ko Janumet, kamar 50/500 ko 50/1000, na biyun yawan metformin ne, kuma shi ke murɗa ciki da sa gudawa in an fara da mai yawa. A sha tare da abinci.

Don haka ban saya ba tukuna. A kai ta asibiti a yi gwajin ƙoda da na wata ukun, a gaya wa likita maganar azuminta ɓaro-ɓaro. In ya rubuta mai tsadar, zan ɗauki nauyinsa, amma mu tabbatar za mu iya kowane wata, don a fara a yanke ya fi cutarwa. Ka turo min hoton takardar ta WhatsApp, akwai direban da zai taso ranar Asabar.

A gaida Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka, daga Agege.