Ruwan awon gishiri: gishirinki yake aunawa, ba wuyanki ba

Ruwan nan da ma'aikatan lafiya ke ɗigawa a gishiri don gane ko akwai sinadarin aidin, na yi amfani da shi a gida, kuma ya burge ni, amma da sharaɗi. Ƙanwata mai aikin jinya ce ta kawo mana shi Tudun Wada, lokacin da maƙoƙo, wanda rashin aidin kan jawo, ya fito wa goggonmu, hankalin gidan duk ya tashi.

Kayan ba yawa: 'yan kwalaben roba da takarda mai launuka. Ki zuba gishiri a farin faranti, ki ɗiga ruwan. Sitaci ne a cikinsa, in ya tarar da aidin nan take wurin zai rine ya yi shuɗi, kamar an ɗiga baba. Gishirin leda mai tambarin NAFDAC da na sayo a kasuwar Sabon Gari ya rine sosai. Na awo, wanda ke yini a buɗe cikin rana, launinsa dishi-dishi. Gishirin balma da goggo ke so a miya kuwa ko gezau bai yi ba.

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma ana son aidin ɗin da ke cikin wanda ya iso kicin kada ya gaza miligiram 15 a kowane kilo. Matsalar ita ce danshi da zafi da hasken rana suna rage shi. Shi ya sa na mayar da nawa cikin roba mai murfi, nesa da murhu. Wannan kaɗai ya isa in ce ruwan ya biya ni.

Inda ya gaza: da ido ake karanta shi, ni in ce ya yi duhu, maigida ya ce a'a. Akwai ko babu yake nunawa, ba adadi ba. In an buɗe kwalbar ba ta jimawa take lalacewa, sannan na leƙa kemis-kemis ban samu na saye ba.

Babban abin dai, bai san komai game da jikin mutum ba. A nan ne mata ke ruɗewa. Akwai wani gwaji da ke yawo a WhatsApp, wai ki shafa aidin ɗin wanke ciwo a hannu, in ya ɓace kafin kwana ɗaya to jikinki na ƙishirwarsa. Ba gaskiya ba ne. Yawancinsa iska yake bi, kuma zafi da gumi ke sa ya ɓace da wuri. A zafin Zariya na watan Afrilu ai kowa sai ya fito marar lafiya! Kuma don Allah kada a sha aidin ɗin wanke ciwon, guba ne.

Goggo sai da muka kai ta asibitin koyarwa na Shika. Aka ɗebi jini aka auna TSH da T4, wato sinadaran da ke nuna yadda ƙullutun maƙogwaro (thyroid) ke aiki, aka yi hoton wuya. Likita ya ce ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wani ƙullutun maƙogwaron ne ke aiki fiye da kima, sai rama da bugun zuciya da rawar hannu, kuma irin wannan ƙara masa aidin na iya tsananta shi. Wani kuma aikin ne ya yi ƙasa, sai kasala da jin sanyi da ƙiba.

Wadda na fi ba shawarar ta auna gishirinta ita ce mai ciki da mai shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana, su kuwa 250, saboda ƙwaƙwalwar jariri da shi take ginuwa. In ruwan bai samu ba, ki sayi na leda a rufe mai tambari, ki duba an rubuta akwai aidin. In kuwa kumburi kika gani a wuya, ki nufi asibiti.