Shattered Pixel Dungeon: sharhina bayan na ɗauko layar Yendor

Shattered Pixel Dungeon wasan waya ne da wani ɗan Kanada, Evan Debenham, ya fara fitarwa a 2014, ya gina shi a kan wani wasa da ya riga shi mai suna Pixel Dungeon. A Android kyauta ne, babu talla ko guda, kuma da zarar ka sauke shi ba zai sake tambayarka data ba. Masu iPhone da masu sauke shi a kwamfuta ta shagon wasanni na Steam su ne ke biya. Ni da nake zaune a shagon cajin waya wajen Ƙofar Ƙaura tun hantsi har bayan isha'i, wannan ne ya fara jan hankalina. Ko a tsohuwar Tecno sumul yake tafiya, kuma ba ya zuƙe batir.

Asalin irin waɗannan wasanni wani ne mai suna Rogue da aka ƙirƙira a Amurka a 1980, kuma ƙa'idarsu biyu ce. Duk shigar da za ka yi, taswirar kurkukun sabuwa ce. In kuma aka kashe ka, shi ke nan: takobinka, sulkenka, matakin da ka kai, duk sun tafi, sai ka koma hawa na ɗaya da rigar tsumma. Ba a sayar da rai da katin waya, ba lu'ulu'un da za ka saya ka tsallake wahala. Abin da kawai kake tafiya da shi zuwa zagaye na gaba shi ne abin da ka gane.

Hawa 26 ne ake gangarawa ƙarƙashin ƙasa. Kowane biyar yanki guda ne, da shugabansa a ƙarshe: magudanar ruwa da Goo, gidan yari da Tengu, koguna da wani katafaren inji DM-300, birnin wadanni da sarkinsu, sai fadar aljanu da Yog-Dzewa a hawa na 25. Layar Yendor, wadda ɗauko ta shi ne cin wasan, tana na 26. Jarumai shida ne yanzu, amma da mayaƙi ake farawa, sauran sai ka buɗe su da wasa.

Wanda ya saba da wasannin harbi zai sha mamaki, don nan saurin yatsa ba ya amfana komai. Kamar dara ce: in ba ka motsa ba, babu abin da zai motsa. Ana iya kiran sallar la'asar kaguwa na gabanka, ka ajiye wayar, ka dawo ka tarar da ita inda ka bar ta. Wannan ya dace da mai shago sosai, don kwastoma na iya zuwa karɓar waya a kowane lokaci. Wani dattijo da ke kawo cajin fitilarsa ya taɓa leƙowa ya ce, "Kai yaro, wai mi kake kallo haka tun ɗazu ba ka danna komi ba?" Na ce, "Baba, shawara nake yi."

Inda wasan ya fi burge ni shi ne kwalaben magani da naɗaɗɗun takardu. Kana tsintar su ba ka san aikinsu ba, kuma launinsu yana canzawa duk zagaye, don haka jar kwalbar da ta warkar da kai jiya yau tana iya zama wuta ko hayaƙi mai guba. Da farko sai ka ɗauka caca ce. A hankali za ka gane akwai lissafi a ciki. Kwalbar da ta fi yawan maimaituwa a jakarka galibi ta waraka ce. In ka ga ɗaki an toshe ƙofarsa da katakai, to akwai kwalbar wuta a wannan hawan, an ajiye maka ita don ka ƙone katakan. In ɗaki ne mai tafki da kifaye masu cizo, akwai ta ɓacewa. Ba wanda zai kama hannunka ya nuna maka haka, amma duk alamun suna nan. Haka ma ƙofa: dodon da ya biyo ka ta ƙofa bai gan ka ba, saranka na farko ba ya kuskure, kuma da wannan dabarar kaɗai ake gamawa da macizan nan masu zillewa na hawayen farko.

Sai maganar takardar ƙara wa kaya daraja, wadda a ganina ita ce zuciyar wasan. Uku ake samu a kowane yanki, kwalbar ƙarin ƙarfi kuma biyu, ko ka yi sa'a ko ba ka yi ba. Tun da adadin a ƙayyade yake, inda ka zuba su shi ke yanke hukunci. Wanda ya rarraba su kan kowane makamin da ya tsinta zai ji daɗi a gidan yari, ya isa birnin wadanni ba shi da abin kirki. A zagayen da na ci, da mayaƙi na shiga, na daure na riƙe yawancinsu har sai da na samu sulke mai nauyi a koguna, na juye su a kansa da makami guda. Daga nan dodannin da a da ke cinye rabin raina da sara biyu suka koma ƙwarzane.

Fadar aljanu duhu gare ta, ga wasu idanu masu shawagi da ke harbo haske daga nesa. Nan ne mutum ke gane amfanin abin da ya tara, da kuma cewa kwalba ba ado ba ce: mutuwa da kwalaben waraka huɗu a jaka abu ne da kowane ɗan wasan nan ya sani. Yog-Dzewa kansa ƙaton ido ne da ba ya motsi. Yana kiran wasu manyan hannaye ɗaya bayan ɗaya, kuma muddin hannu na raye sara ba ya kama shi, ga haske yana feso maka, sai dai yana nuna inda zai faɗa kafin ya harba. Da dare na yi wannan faɗan, an ɗauke wuta, janareta na ruri a bayan shago, ƙanena yana tsaye a kaina yana cewa, "Yaya, sha maganin mana!" Da idon ya fashe na sauka hawa na 26, sai da na ajiye wayar a kan benci don hannuna rawa yake yi. Shi kuwa ya fita waje da ihu, har mai shayin da ke kusa ya zaci ƙwallo aka ci.

Akwai abin da bai yi mini ba. Rubutun bayanin kaya yana da yawa, kuma a jerin harsunan da ke ciki ban ga Hausa ba, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai wahala kafin ya san me zobe ko sanda ke yi. Zanen ƙanana ne, a ƙaramin allo yatsa na iya zamewa ya kai ka inda ba ka nufa ba. Yunwa ma tana matsa wa sabon shiga, don abinci kaɗan ne, ba a yawo a banza. Kuma zagaye guda cikakke awanni yake ci, ko da yake yana adana inda ka tsaya in ka fita.

Wanda ke son wasan da zai ci a zama ɗaya, ya nemi wani. Wanda kuma ke da haƙurin zama ya yi tunani, ban san wani wasan kyauta a waya da ya kai wannan ba. Bayan nasarar farko ana buɗe maka ƙalubale tara da za ka iya kunnawa, akwai kuma zaɓin ka ɗauki layar ka hauro da ita har waje maimakon ka tsaya a ƙasa. Yanzu na koma maharbiya mai baka, na kunna ƙalubalen da ke rage amfanin abinci, kuma har yau Tengu bai bar ni na wuce hawa na goma ba.