Sandar Goga Bayolin: Icen Farnambuko ko Zaren Kabon?

Tun zamanin François Tourte, gwanin ƙera irin waɗannan sanduna a Faransa na ƙarshen ƙarni na 18, icen farnambuko ne sarkin sandunan goga bayolin, wato gogen Turawa. Ana tanƙwara shi da zafin wuta, ya riƙe tanƙwarar shekara da shekaru, ga daɗin amo. Sai dai asalinsa dajin gaɓar tekun Barazil ne kaɗai, wanda aka sare mafi yawansa, abin takaici. Tun 2007 yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa, ke sa ido kan cinikinsa.

Sandar zaren kabon, wani zare mai ƙarfi da ake ƙerawa a masana'anta, ba ruwanta da danshi, ba a kuma kayar da bishiya dominta, amma in an yar ba ta ruɓewa. Ita zan zaɓa wa ɗalibi. Ƙwararre kuwa ya nemi tsohuwar sandar farnambuko, a sake mata izga.