Kafin Ka Liƙa wa Motarka Baƙar Leda

Duk wanda ya taɓa barin mota a rana cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da ke kai mutum wurin masu liƙa baƙar leda. Sitiyari ya ƙi taɓuwa, kujera na ƙuna. Sai dai baƙin gilashi a Najeriya yana da doka, kuma ya kamata mai saye ya san ta kafin ya zaro kuɗi.

Dokar ta 1991 ce, tun zamanin mulkin soja. Ta hana a rine gilashin mota ta yadda ba za a iya ganin na ciki ba, sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma dalilai biyu kawai ta amince da su: lafiya da tsaro. Hukuncin da ta rubuta tarar naira 2,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. An dakatar da ba da izinin a 2021, aka dawo da shi a 2025 ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP, inda ake neman lambar NIN da takardun mota, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsa. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, ta kai batun kotu, an yi ta ɗage ranar fara kama marasa izini. Don haka ka bincika halin da ake ciki a ranar da za ka saya.

Wanda ya sayi mota ta hannu irin Sienna ko Highlander yakan same ta da gilasan baya masu duhu daga kamfani. Wannan rinin a cikin gilashin yake, ba ya ɓaruwa. Mutane da yawa na zaton ya fita daga doka, amma 'yan sanda sun ce shi ma yana buƙatar izini. In ka ga irin wannan motar a kasuwa, ka lissafa wannan ɗawainiyar cikin farashinta. Kuma ka sani wannan rinin yana rage ganin na ciki fiye da yadda yake rage zafi.

Leda mai araha, wadda ake rina ta da launi, ita ce ta cika gari. Ba ta jure ranarmu. Za ka ga ta fara komawa shunayya, ƙuraje su fito a gilashin baya, direba na leƙe da kyar in zai yi ribas. Mai haɗin ƙarfe ta fi ta tare zafi, amma tana iya rage wa waya ƙarfin sabis. Duka biyun, in sun yi duhu, sun shiga hurumin doka.

Wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce ledar seramik. Duhu da tare zafi ba abu ɗaya ba ne. Akwai seramik mai barin kashi 70 cikin ɗari na haske ya wuce, ɗan sanda a shinge zai ga fuskarka sarai, amma tana tare kusan duk hasken da ke lalata fata da wani kaso mai yawa na zafi. Tana da tsada, kuma akwai jabu, sai ka sa mai shago ya kara ta a gaban fitila mai zafi ka ɗora hannu ka ji bambanci da kanka. Ka tambaye shi lambar ledar, wato kashi nawa cikin ɗari na haske take bari ya wuce. Mai lamba 5 ko 20 baƙa ce ƙirin, da dare ba ka ganin mai babur a gefenka.

Wannan ya fi shafar masu lalura. Zabiya, da mai cutar lupus (wadda garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita), da wanda likita ya ce fatarsa ko idonsa ba sa jure rana, su ne dokar ta yi wa rangwame, kuma haƙƙinsu ne su nema ba tare da jin nauyi ba. Gilashin gaba na mota yana tare mafi yawan hasken mai cutarwa, na gefe ne ke bari ya shigo. In matsalar ta fata ce, seramik mai haske na iya wadatarwa. In kuwa hasken kansa ne ke damun ido, sai a nemi takardar likita daga asibitin da aka sani, a nemi izinin, a ajiye kwafinsa a cikin mota.

Dalilin tsaro ya fi wuyar tabbatarwa, domin "ba na son a ga iyalina" ba lallai ya gamsar da mai ba da izini ba. Mai wannan buƙatar zai fi samun sauƙi da ragar kare rana da ake maƙalawa a tagogin baya, a cire in an doshi shinge. Kuma izini ba ya hana a ce ka sauke gilashi a duba cikin mota. Kada ka miƙa kuɗi ga ɗan tsakiya da ya ce zai kawo maka takarda gida, domin sai ka je da kanka ake ɗaukar zanen yatsanka.