Shagon Masta a bayan Tiptoe Lane: ya miƙo min ma'ajiyar bayanaina kafin ya fara gyaran kwamfutar

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kwamfutata ta mutu. Tun bayan isha'i aka ɗauke wuta a layinmu na Nima, ina ta aiki da batir, da wutar ta dawo sai na yi maza na jona caja. Na ji ɗan ƙauri kamar ana ƙona leda daga nesa, allon ya yi baƙi, shi ke nan. Ko 'yar fitilar da ke nuna caji ba ta sake kamawa ba.

Sana'ata rubuta manhaja. Shekara biyar ke nan ina yi, uku daga ciki a ɗakina da ke gidan mahaifiyata, a nan Ankara tamu ta Gana. Ina yi wa wani ƙaramin kamfani manhajar waya wadda masu shaguna ke rubuta bashi da ita, suna kuma karɓar kuɗi ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya. Ranar Juma'a ya kamata in miƙa sabon zubin manhajar. Tela in kekensa ya tsaya, yana iya zama a kan na maƙwabci ya ƙarasa ɗinkin. Mu abin ba haka yake ba. Yawancin aikin yana ajiye a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, amma na kwana biyun ƙarshe ban tura ba, kuma kafin ka shirya baƙuwar kwamfuta ta iya gina manhajar Android, yini guda ya tafi wajen saukar da kaya, ga kuɗin data.

Kwamfutar ThinkPad T480 ce, ƙirar 2018. Ta hannu na saya a 2022, shekarar da kuɗinmu sidi ya yi mummunar faɗuwa har sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin irinmu. Abin da ya ja ni gare ta batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da za ka iya cirewa ka sa wani ba tare da ta mutu ba. Duk wanda ya yi karatu a zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a 2015, ya san darajar wannan. Cajarta ta asali ce ta ɓace min a trotro, motar haya, na sayi wata mai araha a gefen titi. Ita ce ta jawo min wannan dare.

Wani yayana a sana'a, wanda ya fara koya min aiki, shi ya yi min kwatancen shagon. Ka sauka a Circle, wato shatale-talen Kwame Nkrumah, ka shiga Tiptoe Lane, ka wuce samarin da ke tare ka da wayoyi a hannu suna "sista, sista", ka bi wani lungu ta hannun hagu, ka hau matakala. Babu allon suna. Kowa a wurin Masta yake kiransa, ni ma haka na kira shi. Dattijo ne mai furfura kaɗan a gemu, haifaffen Zangon Kumasi, yana Hausa da mu, yana Tiwi da sauran masu zuwa. Yara biyu ke koyon aiki a ƙarƙashinsa.

Bayan gaisuwa na ba shi labari. Bai ce komai ba, ya kifa kwamfutar, ya kwance kusoshin, ya ɗaga murfin ƙasa. Sai ya zare ma'ajiyar bayanai, wato SSD, ya sa ta cikin 'yar leda, ya miƙo min.

"Ƙanwata, riƙe wannan a jakarki. Abin da ke ciki naki ne. Ni hanyar wuta zan bi, ba ni da aiki da shi."

A nan nake so in tsaya, don saboda wannan ne na zauna rubuta wannan sharhi. Shekaru biyu da suka wuce na kai wannan kwamfutar wani shago a canza min madannai. Abu na farko da yaron shagon ya nema shi ne lambar sirrina, wai don ya gwada. Da na ce zan tsaya in buɗe da kaina, sai fuskarsa ta canza, ya ce in ban yarda da su ba in ɗauki kayana. Na ɗauka kuwa. Mutane da yawa ba sa ɗauka. Suna rubuta lambar a takarda su manna a murfi, su tafi gida, su dawo bayan kwana uku. Kowace mace a Zango ta san labarin wata da hotunanta suka fita bayan ta kai waya gyara. Akwai doka, ta kare bayanan mutane ta 2012 da ta tsaron intanet ta 2020 wadda ta haramta yaɗa hotunan sirrin mutum ba da yardarsa ba. Amma doka ba ta mayar da hoton da ya riga ya zaga unguwa.

Kwamfutar mai rubuta manhaja kuma ba sirrinsa kaɗai ke ciki ba. A tawa akwai makullan shiga sabar kamfaninmu. Wanda ya kwafe su zai iya shiga inda sunaye da lambobin wayar masu shaguna suke, da bashin da kowa ke bi. Amana ce ta mutanen da ban taɓa gani ba. Ma'ajiyata a kulle take da lambar ɓoyewa, ko an cire ta ba za a karanta komai ba, amma Masta bai san haka ba, bai kuma tambaya ba. Na zauna a shagon kusan awa uku a ranar, na ga ya yi wa wani ɗalibi haka, ya yi wa wata 'yar kasuwa haka. Ɗabi'arsa ce.

Sai gyaran kansa. Ya fara da cajar. Ya bayyana min cewa caja mai bakin USB-C ta kirki ba ta sakin wuta haka kawai: da volt 5 take farawa, sai ta yi magana da kwamfutar, su daidaita, sannan ta hau zuwa volt 20. Tawa ta asali mai wat 65 ce. Ya ɗaga wadda na saya ya jijjiga a hannu, ya ce in ji rashin nauyinta. Da ya fasa ta, rabin cikinta fanko ne, babu abin da zai tare wuta in ta zo da ƙarfi. "Araha ba ta ado," in ji shi, ya jefa ta cikin kwali.

Daga nan ya bi babban allon cikin kwamfutar, wanda su ke kira bod, da mita. Ya gano wuta na zurarewa ƙasa tun daga mashiga. Yadda ya nemo ainihin wurin ya burge ni. Ya shafa sifirit a ɓangaren, ya tura wuta 'yar kaɗan daga na'urarsa, muka sa ido. Inda ya fara bushewa nan ne ke ɗaukar zafi, nan ne ɓarnar take. Wani ɗan ƙanƙanin abu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, tare da wani kusa da shi. Ya ce zai ciro irinsu daga mataccen bod ya dasa. Kafin in hau wurinsa na tsaya a shaguna biyu a ƙasa, dukansu ba su ko buɗe ta ba suka ce bod ya ƙone, sai an sa wani. Kuɗin da suka faɗa ya kusan rabin abin da na sayi kwamfutar. Masta ya caje ni sidi 350 kan wannan aikin, kuma ya faɗi kuɗin kafin ya kunna na'urar hura zafi, bai ƙara ko pesewa daga baya ba.

Da ta tashi, da 'yar filashi mai Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya gwada ta, ma'ajiyata tana jakata har lokacin. Sai a gabana aka mayar da ita, na buga lambata ya kau da kai.

Tun da an buɗe, ya nuna min fankar. Ƙurar hunturu ta shekara uku ta dunƙule a bakin iska kamar auduga. Ya ce shi ya sa take zafi a cinya. Injin kwamfuta in ya yi zafi da yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ni kuwa duk zatona tsufa ne ya kama ta. Ya share, ya goge busasshen man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi, ya sa sabo. Yanzu in na sa ta gina manhaja, kafin in haɗa shayi ta gama, da kuwa har in sha in wanke kofi tana nishi.

Na kuma ƙara RAM a wurinsa, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi. Wannan ƙirar gurbi biyu gare ta, ba kamar yawancin sababbin sirara ba da ake like musu shi a jikin bod, yadda ka saya haka za ka mutu da ita. Ina da giga 8, wanda da zarar na buɗe Android Studio da wayar gwaji ta cikin kwamfuta sai komai ya tsaya cak. Ya ƙara min 16. Na hannu ne, ya faɗa min haka, kuma bai karɓi kuɗi ba sai da ya bar manhajar gwajin RAM ta zagaya ba tare da kuskure ba. Da na tambayi batir na waje, cewa ya yi waɗanda ke hannunsa ba na asali ba ne, ba zai sayar min ba tun da da ita nake cin abinci, in jira in na gaske ya shigo.

To amma shagon yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne ga mai aiki da wa'adi. Masta ba ya cika lokaci. Ya ce in dawo Alhamis da la'asar. Na dawo, bai ko fara dashen ba, yana kan wata kwamfutar da aka kawo bayan tawa. Na kira wayarsa sau shida da safiyar Juma'a, ba a ɗauka ba. Sai bayan an sauko daga masallaci na karɓa, na koma gida na yi aiki har asuba, na miƙa zubin a makare da kwana ɗaya. Da ya ce min Juma'a tun farko, da na sanar da shugabana tun Alhamis, da ban sha kunyar da na sha ba. Na faɗa masa haka, ya ba ni haƙuri, amma daga yadda yaransa suka yi shiru na gane ba ni ce ta farko ba.

Ba ya ba da rasit. Garantinsa na baki ne, mako biyu. Ni na biya ta MoMo don in sami shaida a wayata, kuma tun da aka soke harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025 babu dalilin ɗaukar tsabar kuɗi zuwa Circle. Wurin ƙunci ne, benci ɗaya, hayaƙin dalma yana shiga ido, kuma babu inda mace za ta yi salla, sai da na sauka na nemi wuri. Ɗaya daga cikin yaran ya manta kusa ɗaya bai ɗaura ba, a gida na lura kusurwar murfin na motsi.

In hadari ya haɗu, kada ka ɗauki kwamfuta ka nufi can. Shagon yana sama, ruwa ba ya kai masa, amma hanyar zuwa ce matsala in kogin Odaw ya cika. Mu da muke garin nan ranar ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ba ma wasa da ruwan Circle.

Akwai wani abu da na gani ina zaune wanda ƙannenmu masu son shiga wannan sana'a ya kamata su ji. Wani yaro daga Maamobi ya shigo da kwamfuta mai sheƙi da ake so a sayar masa a ƙasa, ya ce Masta ya duba masa. Masta ya kalli lambar injin ya ce ƙarni na shida ne, wato zubi na shida a jerin injinan kamfanin Intel, Windows 11 kuwa daga ƙarni na takwas take karɓa, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Ya ce masa, "Ɗana, in Linux za ka sa, za ta yi maka. In ba haka ba, mayar musu, ka nemi mummuna mai ƙarni na takwas." Bai karɓi ko sisi ba, kuma bai ce ga tawa ka saya ba, alhali akwai uku a kan kantarsa.

Bayan mako guda na koma saboda kusar nan. Da hantsi na je, wajen ƙarfe tara, lokacin bai cika da mutane ba, kuma na lura a wannan lokacin ne ake samun hankalinsa sosai. Ya kira yaron, ya sa shi ya ɗaura da hannunsa a gabana, ya kuma sa shi ya ƙirga sauran ɗaya bayan ɗaya. Na tafi da kwamfutar ƙanwata mai karatu a jami'ar Legon, wadda fankarta ke ƙara. Kafin in gama zama, ya riga ya kifa ta yana neman inda ma'ajiyar take.